Matar da ke fara karatu daga ƙasan shafi

Kowace safiya, kafin layin karɓar kati ya yi tsawo, Anti Laburare ta buɗe ɗakin karatun asibiti, ta goge kwamfutoci biyun nan da gefen mayafinta, ta tura tabarau saman goshi, sannan ta shiga neman tabarau. Ɗalibai na mata dariya, ita ma tana taya su. Watan jiya ta yi ritaya, kuma wallahi har yau in na bi ta ƙofar sai na tsaya na leƙa.

Na san ta ne bayan likita ya gaya mana sunan ciwon autata, wani dogon suna da shi kansa sai a littafi ya taɓa gani. Na duba a waya. Shafin farko ya ce masu irinsa ba sa kai shekara goma. Sai na cire yarinyar daga makaranta. Gara ta zauna kusa da ni in ƙare mata kallo.

Wata nas ce ta tura ni wurin Anti. Na miƙa mata wayar, ko kan labarin ba ta kalla ba, ta zarce can ƙasa.

"Anti, a sama abin yake."

"Ke dai bari, 'yar nan. A ƙasa ake ganin wa ya rubuta, yaushe, mutum nawa ya duba. Wannan ba suna, ba shekara. Ko a kasuwa kya sayi magani a hannun wanda ya rufe fuska?"

Ta zaunar da ni, ta shiga rumbun da likitoci ke ajiye bincikensu a kwamfuta. Na yi ta sintiri wurinta. Wani binciken ta ce a kan ɓeraye aka yi shi, wani kuma masu sayar da magani ne suka ɗauki nauyinsa. Da ta samu wanda ya kwanta mata, na ce, "Za ta warke?"

"Ni ba likita ba ce, kada ki ja min. Kai wa likitanku, ku karanta tare."

Likitan ya karanta, ya sa aka ƙara gwaji. Ashe ciwon iri-iri ne, nata mai sauƙin ne. Ba ya warkewa, amma ana rayuwa da shi. Na mayar da ita aji.

Anti, inuwar masu jinya, ke ce ba ki taɓa yi min ƙarya don in ji daɗi ba, ba ki kuma bar ni da tsorona ba. Ina kewarki ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutu. Ku kuma da kuka iya wannan nema, don Allah in kun ga uwa ta ƙura wa waya ido a barandar asibiti, ku ja mata kujera.

Da kina nan, da na kawo miki ƙara. Budurwar nan taki, autar da aka ce ba za ta kai shekara goma ba, jiya ta murguɗa min baki, wai na cika sa ido. Na shige ɗaki na yi ta kuka, ita ta zaci ɓacin rai ne.