Watandar Yajin Albasa

Ni ne Mode direba. Badaru mahauci taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan sai dai ya haɗiye. Ba zai kai ni ƙara ba, kotu ta ishe shi.

In ka shiga kasuwar Bodinga ka tambayi teburin Badaru, ko baƙo ne ya kwana biyu zai nuna maka. Gajere ne, ƙirji kamar turmi, in yana ciniki sai ka rantse faɗa yake yi. Abu biyu aka san shi da su. Na farko watanda. In Sallah ta matso, mutane suka haɗa hannu suka sayi sa, shi ake kira ya yanka ya kasa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kowane kashi sai ya sami ɗan komai: tsoka, hanta, tumbi, kitse, ƙashi, har bindin sai ya gutsuttsura shi. Tunda nake ban taɓa jin an yi gunaguni a kan kason Badaru ba.

Na biyu kuwa ƙwallon gora. Kai, wannan ba so ba ne, ciwo ne! A makarantar kwana ya kwaso shi, wajen wani malamin wasanni. Da kawu ya rasu aka dawo da shi gida ya riƙe wuƙa, bai zo da takardar gamawa ba, amma ya zo da sandar wasa guda mai lanƙwasasshen kai. Da la'asar sai ka gan shi a filin bayan mayanka shi kaɗai yana kora ƙwallo, mutane suna cewa zafin rana ya taɓa ɗan marigayi. Sannu a hankali samari suka fara tsayawa kallo, daga kallo sai karɓar sanda. Da sanduna suka yi kaɗan sai ya sa masassaƙi ya sassaƙa musu na icce, masu nauyin tsiya.

Wata shekara, wajen watandar jajibirin Sallah, ya haɗu da mutum biyu. Ɗaya Alhaji Maniru, dillalin albasa daga Kajiji ta ƙasar Shagari, mai hannun kyauta da saurin fushi. Ɗaya Malam Zubairu, malamin makaranta da aka turo mana, mai magana a hankali, amma in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Suna tsugune gaban nama Badaru ya yi ta zuba musu labarin wasansa, har Alhaji ya ce zai sayi kaya, Malam ya ce zai nema musu rajista a Sakkwato. Aka ce to ƙungiyar ta wa ke nan? Badaru ya nuna naman da wuƙa ya ce, "Awa wanga. Kashi ukku, kowa guda." Aka yi dariya, aka yi fatiha, kowa ya ɗauki ledarsa. Iyakar yarjejeniyar ke nan.

Suka sa mata suna Yajin Albasa, wai don tana sa abokan karawa hawaye. Wallahi kuma ta sa su! 'Yan wasa rabi daga Bodinga, rabi daga Shagari, har da na Dandin Mahe da ke zuwa a babur. Ni nake kwasarsu a bas ɗina. Mai tsaron gida kuwa Zaharaddeen ne, babban ɗan Alhaji Maniru, magidanci da matarsa da 'yarsa. Shekarar da muka ci kofin jiha, ban san yadda na tuƙo motar nan ba. Tun daga Sakkwato nake danna oda, samari suna waƙa suna buga jikin mota, Badaru a gaba ya rungume kofi yana kuka kamar an yi masa rasuwa. A ɗakinsa kofin ya zauna. Kullum sai ya goge shi da toka da lemun tsami, matarsa Safiyya tana cewa ita ba a taɓa kula da ita haka ba.

Kofin nan ne ya jawo ido. Wani kamfanin taki ya aiko cewa yana so ya ɗauki nauyin ƙungiya a sa sunansa a riga, sai dai mai ƙungiyar ya zo a zauna. Mai ƙungiya! Kalmar da ta raba gari ke nan. Alhaji ya ce duk zaren da ke jikin yaran nan da albasarsa aka saya. Malam ya ce wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai abu. Badaru ya yi zarya tsakanin Kajiji da gidan malamai har tayar babur ɗinsa ta cinye, ba wanda ya saurare shi. Ƙarshenta Alhaji ya maka Malam a kotu, ya haɗa da Badaru don kada a ce ya bar wani.

Alƙali ya sa aka kwashe kayan ƙungiya duka aka kulle a ɗakin ajiyar kotu har sai an yanke hukunci, kofin ma bai tsira ba. Ga shi kuma ranar Asabar mai zuwa muna da wasan share fage a Sakkwato, wanda in ba mu fito fili ba za a cire mu daga gasar jiha gaba ɗaya. Badaru ya rame a tsaye. Ni da nake tsokanarsa kullum, sai da na ji tausayinsa na daina.

Ranar zaman kotu ba masaka tsinke. Masu albasa sun zo bayan Alhaji, malamai bayan Malam, mahauta sun rufe tebura. Alƙali, dattijo mai haƙuri, ya saurari kowa, sannan ya ce, "Da kunka kahwa ƙungiyag ga, bisa wane sharaɗi?"

Alhaji ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, watanda ta."

Malam Zubairu ya ce, "Hakanan na. Kashi ukku."

Alƙali ya roƙe su su yi sulhu. Alhaji ya ce shi ya gama zama inuwa ɗaya da Malam, a ba shi kasonsa ya kafa tasa a Shagari. Malam ya ce shi ma a ba shi nasa. Badaru ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, a bari mu buga na Assabar, in munka dawo su yi abin da suka so." Su biyun suka haɗa baki suka ce a'a. Rabon da su yarda a kan abu ɗaya an daɗe.

Alƙali ya ce to, tunda masu abu sun zaɓi rabo, wa suka amince ya raba? Nan ma baki ya zo ɗaya: Badaru.

Na dubi taubashina, na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce a shimfiɗa tabarma a harabar kotu, ya aika aka ɗauko masa gatarinsa na sara ƙashi da gungumen da yake sara a kai. Jama'a, kada wani ya ce muku dabara ce ya shirya. Badaru ba shi da dabara, ni na san shi tun muna tsallen kwata. Hanya ɗaya ya iya rabo, ita ya bi.

Ya kasa sanduna kashi uku. Ya kasa riguna kashi uku, wanduna kashi uku. Takalma bai bar ƙafa biyu wuri ɗaya ba, dama nan, hagu can, don kada wani kashi ya fi wani sababbi. Ragar gola ya sa wuƙa ya tsaga ta. Da aka zo kayan mai tsaron gida, matashin ƙafar hagu ya tafi kashi na farko, na dama kashi na biyu, hular kwano mai wayar fuska kashi na uku. Mutane suka fara salati, wasu na dariya har da riƙe ciki. Shi ko bai ɗaga kai ba, aiki yake yi.

Sai Alhaji ya ce, "Kohin hwa?"

Badaru ya ɗauki kofin ya goge shi da gefen rigarsa, ya kwantar da shi kan gungume, ya ɗaga gatari. Ya tsaya haka, hannu a sama, yana duban Alhaji, yana duban Malam. Na rantse da Allah jira yake ɗaya ya ce bari. Alhaji ya kalli Malam, Malam ya kalli Alhaji, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara karaya. Ni kaina na buɗe baki, sai na tuna ba ni da kashi a ciki.

Gatarin ya sauka. Ya sake sauka. Ƙarar har yanzu tana kunnena.

Aka yi ƙuri'a kamar yadda ake yi. Kowa ya ba da alamarsa, Alhaji mabuɗin babur, Malam alli, Badaru tsinken tsire. Aka kira Kaltume mai fura da ke wucewa, wadda ba ta ga wanda ya ba da me ba, ta ɗora kowace alama kan kashi ɗaya. Badaru ya sami ƙafar hagu, Alhaji ƙafar dama, hular kwano ta faɗa wa Malam. Kowa ya ɗure nasa a buhu ya tafi ba sallama.

'Yan wasa dai ba nama ba ne, ba su kasu ba. Ranar Asabar da hantsi suka cika bas ɗina, har da Zaharaddeen. Badaru ya tono tsofaffin sandunan icce ya cike gurbi, aka sayo fararen singileti aka rubuta lamba da shuni, takalma kowa ya sa nasa na gida. Zaharaddeen ya ce kafin ya fito ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ni za ni tsayi gola yau, da hula ko ba hula." Alhaji ya ce in ya fita kada ya dawo masa gida. Ya dai fito.

Wanda bai san ƙwallon gora ba, ƙwallon nan dutse ne da fenti. Da muka isa fili Badaru ya ɗaura wa Zaharaddeen ƙafar hagu, ya naɗe ta dama da buhu da kwali, ya tsaya yana kallon kan Zaharaddeen ba hula. Alƙalin wasa ya zo ya ce ba hula ba wasa, kuma lokaci ya kusa. Badaru ya ce ko an yarda shi ba zai yarda ba, bai kafa ƙungiya don ya maida ɗan mutane gida a makara ba. Ya zauna kan ciyawa ya dafe kai. Abokan karawa suna ta ɗumama jiki suna yi mana murmushi. Na ji kamar in kama sitiyari in gudu.

Sai ga ƙarar babur daga ƙofar fili, oda ba ƙaƙƙautawa. Muka waiga. Wayyo Allah, ina ma kuna nan! Alhaji Maniru ne ke tuƙi, babbar riga ta cika da iska, buhu a kan tanki. A bayansa Malam Zubairu, ya rungume nasa buhun da hannu ɗaya, ɗayan ya ƙanƙame cikin Alhaji, hular golan kuwa a kansa don ba wurin riƙe ta. Ashe muna barin gari Alhaji ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya taso tun daga Kajiji ya yi sallama a ƙofar mutumin da ya kai ƙara. Malam ya ce ko gama magana Alhaji bai yi ba, shi ya shiga ya ɗauko buhu.

Aka zazzage buhuna a bakin fili, aka shiga neman dama da hagu, ihu ko'ina. Alhaji da hannunsa ya ɗaure wa ɗansa hula yana zaginsa, "Ɗan banza mai taurin kai, wa kab biyo?" Malam ya ce, "Ai ba a tambaya, Alhaji."

Aka busa! Ban taɓa ganin yaranmu sun yi wasa irin na ranar ba. Kafin hutu wani ɗan Dandin Mahe ya zura ɗaya, na yi tsalle har takalmina ya tashi. Daga nan aka tsare mu a gida, ruwan ƙwallo ta ko'ina. Gab da tashi wani ƙato ya saki wata daga kusa, ta tashi sama, ƙwal! a goshin hula, ta yi waje. Zaharaddeen ya faɗi zaune, ya girgiza kai, ya miƙe. Wayar fuskar ta lotsa ciki. Alhaji ya sulale ƙasa yana innalillahi, Malam ya riƙe shi. Aka tashi ɗaya da nema, mu ke da ɗayan. Muryata ba ta dawo ba sai tsakiyar mako.

Alhaji ya janye ƙarar. Kamfanin taki kuwa tuni ya kama gabansa, ba wanda ya bi shi. Ranar kasuwa ina zaune a bencin Badaru ina cin tsiren da ban yi niyyar biya ba, sai ga Alhaji da Malam su biyu. Kowa ya zaro guntun kofinsa ya ajiye kan tebur. Badaru ya dube su, sannan ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya fito da nasa, a naɗe cikin tsumma, ya sha toka da lemun tsami yana ƙyalli.

Ya ce, "Kun taɓa ganin an kasa sa, ya koma sa?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu munka yi shiru, Badaru. Ka yahe muna."

Mai walda ya haɗa kofin. Ya karkace, ba ya riƙe ruwa, sai an jingina shi da bango yake tsayuwa. Yajin Albasa tana nan tana wasa, har gobe ni ke jan su. Badaru ma yana nan, shi ake kira watanda duk Sallah, yana yanka, yana feɗewa, yana kasawa kowa ya sami ɗan komai. Amma in an zo sara ƙashi, sai ya miƙa wa wani gatarin ya juya baya. A kan komai ina tsokanarsa, ban da wannan.