Ranar da jirgin ƙasa ya tafi da 'yar ƙanena a Kuala Lumpur

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi a Kano, sai washegari muka sauka Kuala Lumpur, inda ƙanena ke karatun digiri na uku. Gidansu na unguwar Wangsa Maju, hawa na sha tara. Ban yarda na leƙa taga ba. A shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benen na ci gurasar da suke kira roti da shayi mai kumfa, ringit biyar a kuɗinsu, na kashe bakina da barkono.

'Yar ƙanen nawa mai shekara tara na tarar tana kumbure-kumbure. Uwarta ta ce, "Yaya, doka suka kawo, yara ƙanana ba za su riƙe shafin sada zumunta ba. Mun goge nata, kwana huɗu ba ta cin abinci sosai."

Tausayi ya kama ni. Da na ɗauke ta za mu Bukit Bintang, muna zama a jirgin ƙasa na miƙa mata wayata a ɓoye. "Boleh, Baffa?" ta tambaya da yarensu, wai an yarda ta kalla? Na ce kalli abinki.

A tashar da za mu canza jirgi na sauka cikin turmutsutsu, ina zaton tana bayana. Ina waiwayawa ƙofa ta rufe. Ta gilashi na hango ta a zaune, kai sunkuye, yatsa na ture bidiyo. Na doki gilashin, jirgi ya ja.

Ba waya, ban haddace lambar kowa ba, ba na jin yaren mutanen. Me zan ce wa uwarta? Wata ma'aikaciyar tasha ta zaunar da ni, ta yi ta magana a rediyon oba-oba, ni kuwa sai salati.

Tasha uku gaba aka tsare ta. Na bi jirgi na gaba, na isa wurinta da gudu, ina jiran kuka. Ta ɗago ta ce, "Baffa, mun iso?" Ba ta ma san na sauka ba. Wannan ya fi ɓatan tsorata ni.

Da kaina na faɗa wa iyayenta. Ƙanena ya kasa yi mini faɗa, kunyata yake ji.

Na dawo Kano da sanin cewa doka ba ta shiga aljihun baffa. A ƙofar gida autata ta rungume ni, hannunta ɗaya na laluben aljihuna, inda wayata take. Na riƙe hannun.