Zibagul-apa da Takalman Erna

Duk wanda ya taɓa shiga motar farko mai zuwa lambunan bayan garin Kokshetau ya san kujerar da ba a zama a kai. Ta bayan direba ce, ta Zibagul-apa. Apa muke ce wa dattijuwa a nan, don girmamawa. Daga watan Mayu har Satumba nan za ka same ta, ɗankwali ɗaure a haɓa, bokiti biyu tsakanin ƙafafu, tana yi wa direba faɗa wai da gangan yake faɗawa ramuka. In ta sauka ba ta gaisawa da kowa sai ta je ta tsuguna ta tura yatsa cikin ƙasa. Ranar da ƙasa ta kwana da sanyi, kowa ya kiyayi bakinta. Daga nan sai ta yaye tsummokaran da ta lulluɓe tumatir da su jiya da yamma, ta bi shukar ɗaya bayan ɗaya tana tsinke 'yan rassan banza, ta ba su ruwan da ya sha rana a ganga, don a wurinta zuba wa tumatir ruwan famfo mai sanyi zalunci ne tsantsa. In ta gama nata filin sai ta tsallaka ta yi wa na kusa da shi haka. Wannan na biyun ba nata ba ne. Na Erna ne.

Erna Bajamushiya ce, amma a nan aka haife ta, a nan ta yi aure. Shekara goma sha tara suna shan shayi a benci ɗaya da Zibagul-apa, a tsakanin filayen nan biyu. Erna ce ke da irin tumatirin, gadon mahaifiyarta. Ba shi da kyan gani, wallahi, gajere ne mai tsage-tsage a ka. Amma shi kaɗai ne ke yarda ya nuna a fili, ba rumfar leda, a cikin 'yan watanni ukun ɗumin da muke samu. A shekarar 1994 iyalinta suka tattara za su Jamus. Ranar ƙarshe ta zo da kwalin ashana cike da iri, da takalman sanyinta na gashin tumaki, pima, waɗanda suka ƙi shiga akwati.

Ta ce, “Ziba, riƙe min waɗannan. In na zaunar da yara zan dawo. Kada in zo in tarar da filina ya zama jeji.”

Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Mu da muke maƙwabtaka da ita mun ga abin da ta yi da kwalin ashanar nan. Tun cikin Maris, ƙanƙara har gwiwa a waje, za ta cika kowace taga ta gidanta da 'yan kofunan ƙasa tana renon dashe. Marigayi mijinta ya sha yin ƙorafi cewa a gidansa tumatir ne ke ganin rana, shi sai dai ya ji labari. Farkon Yuni ta ɗauko su a kwali, ta bi lambu lambu tana rabawa. Fili sittin da wani abu muke, babu wanda bai ci daga hannunta ba, kuma ba ta taɓa karɓar ko godiya ba tare da ta haɗa da faɗa ba. In ka dasa da wuri ta ce kai mai gaggawa ne, in ka makara ta ce kai rago ne.

Sau uku Amanjol, shugaban masu lambun, yana zuwa mata da maganar doka, cewa filin da mai shi ya bari sai a ba wani. Sau ukun tana kama hannun rigarsa ta zagaya da shi filin Erna fangali fangali, ta ce ya nuna mata ciyawa ɗaya tak. Zuwansa na ƙarshe ya ce, “Apa, ke fa kin san matar nan ba za ta dawo ba.”

Ta ce, “Ta gaya maka ne? Ni ta gaya min za ta dawo. Je ka duba kabejinka, tsutsa ta gama da shi kana nan kana min shari'a.”

Bai sake tayar da zancen ba.

Ke ce, apa, kika koya mana kallon sama a ƙarshen Agusta. In la'asar ta yi tsit, sama ta wanke, iska ta tsaya, sai ki bi layi kina ƙwala mana kira mu tsinke komai, don gobe raɓa za ta daskare. Kowa a nan ya san a zuba ɗanyen tumatir a pima a tura ƙarƙashin gado ya nuna a hankali. Amma ke, waɗanda za ki cire wa iri, a takalman Erna kaɗai kike zuba su. Na taɓa tambayar ki dalili, kika ce min takalmin da aka bar wa mutum ajiya bai kamata ya zauna babu kowa a ciki ba.

Duk ranar Nauruz, bikin sabuwar shekararmu a watan Maris, Erna kan kira a waya. Ba sa doguwar hira. Erna ta tambaya ko tumatirin ya nuna bara, Zibagul-apa ta ce ya nuna, ta kuma ce benci yana nan. Yau Erna ta haura tamanin, a keken guragu ake tura ta, kuma Zibagul-apa ta san haka sarai. Kewar Erna ce ke cin apa, ba ta kuma ɓoyewa. In ta zuba shayi a lambu har yanzu gefe ɗaya na bencin take zama.

Bana ne muka ji kunya. Bazara ta zo da ruwa da sanyi, rana ta yi ta wasan ɓuya, cutar nan mai baƙanta ganye ta bi lambunan ta cinye mana komai. Muka je wurinta hankali kwance, wai ai apa tana da ajiyar iri. Sai ta ce babu. Duk shekara kaf take shukawa, don ba ta iya ce wa kowa ya ƙare, tana zaton a cikin mutum sittin akwai mai ajiyewa. Mu kuwa ko ɗaya! Shekara talatin muna miƙa hannu, babu wanda ya taɓa matse tumatir ɗaya a kan takarda don ajiye iri. Ga shi kuma ɗanta Darhan ya riga ya yanke magana, gwiwoyinta sun gaji, kafin ƙanƙara ta sauka zai mayar da ita wurinsa a Astana, babban birni, a bene hawa na tara.

Abin da ta tsira da shi guda ashirin da biyu ne, kore shar, daga filin Erna. Ta goge su, ta jera a takalman, ta sa tuffa guda a kowanne don su nuna da wuri, ta tura ƙarƙashin gado. In sun ruɓe, irin mahaifiyar Erna ya ƙare a duniya, ita kuma ba ta da amsar da za ta bayar ranar Nauruz. Kowace safiya sai ta durƙusa da gwiwoyin nan ta zura hannu ta fito da wanda ya yi baƙi ta yar. Cikin mako biyu saura tara. Amanjol ya riƙa zuwa wai gaisuwa, idonsa na kan gado. Cikin mako na huɗu saura uku, su kuwa suka yi ja.

Ta tara mu a bencin ranar Lahadin ƙarshe ta Satumba. Wannan karon ba dashe ta raba ba. Ta buɗe takardar da irin ya bushe a kai, ta yayyanka ta ƙanana, ta ba kowa guntu, ta sa muka maimaita mata yadda ake wankewa da shanyawa kamar 'yan makaranta. Amanjol, ƙaton mutum da gashin baki, sai da ta sa ya faɗa sau biyu.

Sannan ta ɗauko takalman ta ɗora masa a cinya.

Ta ce, “Kai ne mai doka, kai za ka riƙe. In ta zo ka ba ta kayanta. Ka ce mata na jira, gwiwa ce ta ci amanata. Kada kuma ta tarar da ciyawa.”

Amanjol ya rungume takalman.

Mun gode, Zibagul-apa, mai yatsa a ƙasa, mai riƙon amana. Ke ce kika ciyar da mu shekara talatin da alƙawarin da kika yi wa mutum ɗaya. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa tagarki a Astana ta kalli rana. Ku kuma da kuke karanta wannan, in akwai wata tsohuwa da kuke miƙa wa hannu duk shekara, ku je ku koyi abin da ta sani tun tana iya tsugunawa.

Na wuce ta lambun makon jiya. Na tarar da Amanjol durƙushe a filin Erna, yana cire ciyawa.