Awakin Inna Bakwai

Wata biyar ban ce uffan a wannan shafin nawa ba. Wasu sun zaci aure na yi, wasu sun ce girman kai ne. Ƙoda ce.

Da kumburin ƙafa abin ya fara. Na ce tsayuwar aji ce, na ci gaba da haɗiyar maganin ciwon jiki na kemis kamar gyaɗa. Sai fitsari ya ragu, sai amai. A Gashua aka gwada jinina. Likita ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malama, yau a Nguru za ki kwana."

Ƙodata ta tsaya daidai lokacin da kasafin kuɗin jiha ya tsaya. Majalisa ta ƙi amincewa, gwamnati ta ƙi gyarawa. Albashinmu na malamai ya maƙale, katin inshorar lafiyata ya koma abin fifita. Likitan Nguru ya ce wankin ƙoda sau biyu a mako, akwai fatan ta farfaɗo, amma kada a tsallake ko ɗaya.

Inna, mahaifiyata, tana da awaki bakwai a Dagona. Ni da na karanta tattalin arziki a jami'a, shekara da shekaru ina yi mata wa'azin ta sayar da su ta buɗe asusun banki. Takan ce, "To, 'yar boko."

Ranar wankin farko Inna ta iso da kuɗi ƙulle a bakin zani. Ban tambaya ba, amma na san kowane wanki akuya ɗaya ce ke tafiya kasuwa. A na huɗu na kasa haƙuri.

"Inna, wacce ce ta tafi yau?"

"Jar nan mai cin sabulu. Dama ta ishe ni."

Ba ta ishe ta ba. Ita ce 'yar lelenta.

Awa huɗu inji yana jan jinina yana mayarwa, Inna tana riƙe da tafin ƙafata, wai kada sanyi ya kama ni. Na ji tsoro ƙwarai. Na san awakin bakwai ne, kuma na iya lissafi.

Bayan wanki na shida fitsari ya dawo. Ban taɓa zaton zan yi wa fitsari kukan murna ba. Aka sake gwaji, likita ya ce, "Ƙodarki ta farka. Mun sallami inji."

Majalisa da gwamnati kuwa sai bayan sati uku suka sa hannu a kasafin. Na ga hotonsu, kowa da murmushinsa.

Alhamdulillahi. Nas-nas ɗin da suka jure bakina, da ku da kuka yi addu'a ba ku san me ake ciki ba, Allah ya saka da alheri.

In ƙafa ta kumbura ko fitsari ya canja, ku je a gwada. Ku daina shan maganin ciwon jiki barkatai. Ku riƙa auna hawan jini.

Akuya ta bakwai tana tsakar gidana a Gashua yanzu, da ciki. Inna ta kawo ta, ta ɗaure da hannunta, ta ce, "Ga asusunki, 'yar boko. Wannan ba ya jiran sa hannun kowa. Ki dai ɓoye sabulu, 'yar Ja ce."