Layin da ke Tsakanin Bugu Biyu

Da damina Inna ta fara kukan ƙirji. Daga ɗakinta zuwa bakin famfon gidanmu a unguwar New Bell sai ta tsaya tana haki. Na nemi izini a makarantar da nake koyar da fiziks, na kai ta asibiti a tasi, don ta rantse ba za ta hau bensikin ba, wato acaɓa.

Wata nas ta manna mata wayoyin injin gwajin zuciya a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Inna ta dube ni.

"Ba zai ja ni ba ko?"

"A'a Inna, saurare kawai yake yi."

Takarda ta fito, layi na hawa yana sauka. Likita ya ɗora biro inda layin ya kwanta tsakanin bugu biyu, ya ce da Faransanci, "Ligne isoélectrique. A nan zuciya ke hutawa." Na gyaɗa kai. Abin da nake koya wa ɗalibai ne: idan ƙarfin lantarki ya zo daidai a wuri biyu, babu abin da zai gudana tsakaninsu, sai layi ya miƙe. Ya nuna min inda na Inna ya ɗaga maimakon ya kwanta. Ya ce a ba ta gado.

Ranar Alhamis da hantsi ina ɓare mata lemo, na'urar da ke saman gadonta ta sauya kuka. Na ɗaga kai. Layin ya miƙe daga wannan gefe har wancan, bai sake tashi ba. Aka fitar da ni.

Ina tsaye a baranda har yayana ya iso daga kasuwar Sandaga, rigarsa na warin albasa.

"Ina Inna?"

"Layin ya miƙe," na ce.

Bai gane ba sai da nas ta yi masa gaisuwa. Ya yi salati, ya durƙushe. Ni kuwa na tambayi inda zan wanke hannu.

Bayan la'asar aka kai ta. Mata suka cika tsakar gida. Gwaggona ta riƙo kafaɗata ta ce, "Yi kuka mana 'yar nan, ki samu sauƙi." Na gwada, bai zo ba. Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Ina koyarwa, ina cin abinci, ina barci. Yayana ne ya buɗe ɗakinta ya raba kayan. Aka miƙo min zannuwa biyu da tabaranta. Na karɓa, na yi godiya.