Nomau na Zermu, Mai Rap da Gurumi

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na 2025, cikin azumi, Allah ya karɓi ran Nomau Sha'ibu a gidan likita a nan Zinder, wato Damagaram, bayan ya yi fama da ciwon amosanin jini, wanda mu a nan muke kira emasi. Bai cika shekara talatin da biyar ba. A ranar aka kai shi Zermu, garin da aka haife shi, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ni Dauda Filibus, ni ne na haɗa masa kiɗa tun daga waƙarsa ta fari har ta ƙarshe, kuma ina ganin nauyi ne a kaina in faɗi abin da na sani game da shi.

Nomau, ina lise, wato makarantar sakandare, na fara ganinka. Ni a lokacin ina kaɗa piyano a majami'armu, ina kuma da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a ɗakina a Sabon Gari, wadda nake haɗa wa samari kiɗan rap da ita. Duk wanda ya zo, abu ɗaya yake so: ganga mai nauyi irin ta Amurka, da suna na Turanci da zai ɗora wa kansa. Kai ka shigo da ƙurar Zermu a ƙafa, jikinka siriri, idonka da ɗan rawaya, ka miƙo mini kaset. Na sa, sai na ji muryar tsohuwa tana waƙa, dutsen niƙa yana amsa mata.

"Kakata ce, Tani," ka ce. "Ka sa mini ganga a ƙarƙashin muryarta, amma kada ka rufe dutsen."

Na tambaye ka wane suna za ka ɗauka. Ka ce da damina aka haife ka, ana tsakiyar noma, aka sa maka Nomau, kuma ba ka ga abin da sunan ya yi maka ba.

Mutanen da suka san ka daga baya suna tsammanin garin nan ya karɓe ka tun farko. Bai karɓe ka ba. Wasanka na fari a gidan matasa, ka hau tare da Ɗanƙarami, dattijo mai gurumi da ka ɗauko daga Mirriya, sai fili ya ɗauki ihu. "Ƙauyanci! A saukar da tsohon nan!" Wani ya jefo ledar ruwa ta fashe a gabanka. Ɗanƙarami ya fara naɗe guruminsa, ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Baba, ci gaba, ai ba su ji komai ba tukuna." Ka yi waƙarka har ƙarshe, a hankali, kalma bayan kalma, ba amshi, ba tsalle. Rabin mutane suka watse. Waɗanda suka rage kuwa, su ne suka bi ka shekara goma sha biyar.

Gidajen radiyo sun daɗe suna cewa waƙoƙinka sun yi tsawo, ba a iya rawa da su. Gaskiya ne. Kana magana a kan matan da ke jiran ruwa a bakin famfo da jarkoki, a kan saurayin da ya tafi Libiya ya daina kira, a kan gonar da 'yan'uwa suka raba har ta zama ba ta ciyar da kowa. Hausarka ta ƙauye ce, kana tsoma Barbarci inda ya dace, Faransanci kuwa sai in za ka kwaikwayi mai ofis. Masu tura waƙa a waya cikin kasuwa su suka yaɗa ka, sai 'yan kabu-kabu, sai samarin fada da ke shan shayi a bakin titi. Da radiyo ta zo neman ka, Damagaram ta riga ta haddace ka.

Abin da ba na so a manta shi ne yadda kake da mutanen da kake ɗaukar muryarsu. Wata shekara bayan girbi muka je Tirmini da mikiro na ɗaukar murya, muka ɗauki matan wani gida suna sussuka. A cikinsu akwai Maryama, mai wata murya da ban taɓa jin irinta ba. A kan muryarta muka gina waƙar da duk wanda ya ji a sitidiyo ya ce ita ce za ta kai ka Yamai da gaba da Yamai. Masu shirya wani bikin mawaƙa a Yamai ma sun ji ta, saboda ita suka gayyace ka. Kafin a fitar, ka ce sai mun koma mun sa wa matan sun ji, domin haka kake yi kullum. Maryama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗana, waƙar nan ta yi kyau. Amma baitin da nake yi na ɗana ne da ya rasu. Ban yi shi don a ji a tasha ba."

A hanyar dawowa na yi ta kawo maka dabaru, na ce a sauya muryar, ko a sa wata ta maimaita baitin. Ka ce, "Dauda, nata ne." Ka cire waƙar, ka kira mutanen Yamai ka gaya musu, su kuma suka janye gayyatar. Sai bayan shekara biyu ka taka wancan dandali, da wata waƙa daban. Ta Maryama tana nan, ba wanda ya sake jin ta, kuma ba wanda zai ji.

A kaina ma na ga halinka. Ranar da aka ƙona majami'u a garin nan, farkon 2015, rana tsaka hayaƙi ya rufe unguwarmu, kowa ya kulle ƙofa. Sai ga ka a moto, wato babur, ka shigo ba sallama, ka ce wa mahaifiyata Rifkatu, "Mama, ɗauki mayafi ki hau." Ka kai ta Zermu wurin innarka, ka dawo ka ɗauki ƙanwata Ƙauna, ka sake dawowa ka ɗauke ni. Wahalar ranar ta tayar maka da ciwo, ka kwanta mako guda kana juyi, Mama da innarka suna gasa maka gaɓoɓi tare. Ba ka taɓa sa wannan a waƙa ba, kuma in na ɗauko zancen a gaban mutane sai ka sauya magana.

Ciwon kuwa ka daɗe kana ɓoye shi. Kana tsoron a ce ana sauraronka don tausayi. Sai ranar da ya kama ka a kan dandali a Mirriya, ka durƙusa da mikiro a hannu, aka fara raɗe-raɗin cewa ƙwaya kake sha. Da ka tashi, ka zo sitidiyo ka ce yau za ka faɗi sunan abin. Waƙar da ka kira "Jinina" ita ce mafi sauƙi a cikin ayyukanka: gurumi, tafi, da muryarka. Ka faɗi yadda ƙashi yake ciwo kamar ana sara, yadda aka kai ka wurin masu magani ana cewa iska ce, yadda iyayenka ba su yi laifin komai ba domin ba wanda ya gaya musu. Ka roƙi saurayi da budurwa su je a gwada jininsu kafin a kai goro. Kai da matarka Zainaba kuka fara yin haka, kuka faɗa a fili. Bayan wannan limamai suka kira ka, fastoci suka kira ka, shugabannin lakwal, wato makarantun boko, suka kira ka, ka je ko'ina da ƙafarka mai ɗingishi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta gaya mini cewa matasa sukan zo su ce, "Gwajin Nomau muke so." Da na faɗa maka, ka yi dariya har ka riƙe ƙirji.

Na zo duba ka kwana kaɗan kafin rasuwarka, da sabon aikinmu a waya, wanda ba mu gama ba. Ana ƙara maka jini, magana tana yi maka wuya, amma ka ce in sa. Ka rufe ido ka saurara, sannan ka ce baiti na biyu ya yi sauri, yaran da za su koya ba za su kama kalmomin ba. Na ce in ka fito sai mu sake ɗauka. Ka ce, "In ban fito ba, ka nemi wani cikin yaran ya yi. Sun iya." Ka faɗi haka ba tare da fargaba ba, kuma gaskiyarka ce. Yau a unguwannin Birni da Zango da Garin Malam akwai samari da 'yan mata da ke rap da harshen gidansu, da sunan da iyayensu suka sa musu, ba wanda ke jifan su. Za mu gama aikin, kuma za mu gama shi yadda ka ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fatima, wadda ta yi jinyar ɗanta tun yana goye ba ta gaji ba; ga Zainaba, da 'yarsu Ummul Khairi; ga Baba Ɗanƙarami; ga mutanen Zermu da dukan Damagaram. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu. Allah ya jiƙan Nomau, ya gafarta masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara a gare shi, ya ba shi hutun da jikinsa bai taɓa samu ba a duniya. Allah ya raya abin da ya bari. Amin.