Hajiya Fatsima, wadda ta zauna tsakanina da ɗan farina

Kowace safiya, in zan wuce sito inda nake lodin kaya a Aubervilliers, nakan hango Hajiya Fatsima ta fito daga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da filas ɗin shayinta, tana jan ƙafar hagu. Sai ta gaisa da mai shara tukuna, sannan ta hau bene zuwa ɗan ofishin da take ba matasa da iyayensu shawara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Kunnenta ya yi nauyi, ta ce mai sana'ar sauraro in ya daina ji, sai ya ba wani kujera.

Aikinta shi ne maganar da mu ba ma yi a gida: balaga, sha'awa, abin da yaro ke ji a jikinsa ya rasa wa zai gaya wa. Mutanenmu sun daɗe suna ce mata tsohuwa marar kunya. Yau a yi da ita wajen sayen kayan miya a Château Rouge, gobe a lallaɓa a hau benenta. Maman Ni'ima ta gaya mini da bakinta, ran da wani yaro ya yi barazanar yaɗa hotunan ɗiyarta, Hajiya ce ta zaunar da ita har ta yar da igiyar da ta ɗauko don dukan yarinyar, ta rungume ta. Rumfa sha shirgi ke nan.

Ni nawa shirgin ɗan farina ne. A Damagaram muka tashi, inda uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya kallonsa ido da ido. "Yaron nan" nake ce masa. Shi kuwa nan ƙasar Turawa aka haife shi. Yaro ne mai sanyin murya, ya fi son taya uwarsa girki da buga ƙwallo. Yaran unguwa suka laƙa masa ɗan daudu. A lakwal, wato makaranta, abokansa suka ce tunda haka yake, ya fito ya faɗa kowa ya ji. Kowa ya raɗa masa suna tun bai san kansa ba.

Ya tafi karatu Lyon, ya daina ɗaukar waya, sai labari muka ji ya sha ƙwayoyi don ya kashe kansa, yana asibiti. Wata Baturiya mai ba da shawara a asibitin ta tambaye shi labarin gida, ya ce ubansa bai taɓa kiran sunansa ba. Ta ɗauka korarre ne, ta ba shi shawara ya nisance ni.

Uwarsa ta kai kuka wurin Hajiya. Har sito ta same ni.

"Malam Ilya, ina aiki, ina gajiya? Asabar za mu Lyon."

"Hajiya, in abin da ake faɗa gaskiya ne, ina zan sa fuskata a masallaci?"

"Fuskarka tana nan inda Allah ya ajiye ta. Yaron ne ba mu san ko zai ga Sallah ba."

Ranar hutunki ce, Hajiya, da ciwon ƙafarki kika hau jirgin ƙasa. Ke ce kika jera mana kujeru gefe da gefe muna fuskantar taga, don kin san ba zan iya kallonsa ba, kika zauna tsakani.

Ta ce masa, "Ɗana, me ya sa babanka ba ya faɗin sunanka?"

"Ba ya sona."

"Kakarka har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan ɗan farinta ba, kuma shi take ɓoye wa tsokar nama a ƙasan kwano. Tambayi babanka, ai shi ne ƙanin da ke kishin."

Ya yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Daga nan ya yi magana, da ita yake, ni ina ji. Ya ce zuciyarsa ba ta karkata ga mata ba, ya yi azumi, ya yi addu'a, abin bai gushe ba. Na jira ta yanke hukunci, ba ta yanke ba.

"Ni ba liman ba ce, ba alƙali ba. Malam, ban kawo ka don ka yarda ba. Na kawo ka don kada ka binne shi."

Da za mu rabu, ya juya zai koma ɗakinsa, ta taɓa ni da sandarta. "Kira shi." Ban taɓa yi ba, amma na kira sunansa. Ya tsaya cik, ya waiwayo.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yau ina kuka a sujada, ban san inda rayuwarsa za ta nufa ba, Sallar bana ma bai zo ba. Amma duk Juma'a wayata takan yi ƙara, shi ne ke kira.

Hajiya, na gode. Allah ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mana, ya ba ki lafiyar ƙafa da ta kunne. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, benen nan zai rasa mai shi, sauraron ya dawo kanmu. Ku saurari 'ya'yanku tun suna da numfashin magana. Nawa yana raye. Kamal sunansa.